Tambaya da Amsa: Harsashin .308 ko .30-06?

Tambaya: Malam, a bidiyon maharban Amurka nake jin gardama kan .308 da .30-06 wajen farautar barewa. Wanne ya fi? Mai karatu daga Tahoua.

Amsa: Ɗan'uwa, kaurin harsashinsu ɗaya ne, milimita 7.62. Bambancin yana tsawon kwanso, wato gidan albarushin. Na .30-06, wanda sojan Amurka suka ɗauka a 1906, milimita 63 ne, ya fi cin albarushi, yana kai harsashi mai nauyi nesa. Na .308, fitowar 1952, milimita 51 ne. Bindigarsa ba nauyi, ba ta dukan kafaɗa sosai. Ni .308 zan zaɓa, ya isar wa barewa. Amma barewarmu ta yi ƙaranci ƙwarai, don Allah kada ka fita ba takardar jami'an gandun daji.