Tambaya da Amsa: Waƙar shagon aski za ta yiwu a Damagaram?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai aski ne a unguwar Zango, a nan Zinder, kuma kowane dare ƴan fadarmu suna taruwa a ƙofar shagona ana shan shayi. Ɗaya daga cikinmu ya nuna mana bidiyon wasu maza huɗu a Amurka suna rera waƙa ba tare da kiɗa ba, ya ce waƙar shagon aski ake kiranta. Mene ne asalinta, kuma za mu iya kafa irin wannan ƙungiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Wannan salo ya tsiro ne a ƙarshen ƙarni na 19 a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka, a lokacin da shagon aski yake matattarar maza, kamar yadda ƙofar shagonka take a yau. Da ya fara dusashewa, sai wani lauya mai suna O. C. Cash da abokansa suka kafa ƙungiyar raya shi a birnin Tulsa na jihar Oklahoma a shekarar 1938. Ita ce ake kira Barbershop Harmony Society a yau, hedikwatarta tana Nashville, kuma ba ta fara karɓar mata ba sai a 2018. Abin takaici, ta yi shekaru da dama tana hana baƙaƙen fata shiga, alhali daga bakinsu waƙar ta fito.

Abin da nake so ku fahimta tun farko shi ne, wannan ba amshi ba ne. A wurinmu jagora yakan ja baiti, ƴan amshi su karɓa da kari ɗaya. A can kuwa mutum huɗun suna furta kalma ɗaya a lokaci ɗaya, amma kowa da matakin muryarsa: jagora yana riƙe da karin waƙar, mai siririyar murya yana samansa a hankali, mai kauri yana ƙasa, na huɗu kuma yana cike gurbin da ya rage a tsakani, aikin da ya fi kowanne wuya domin kunne yana jansa ya koma bin jagora. Idan muryoyin suka daidaita sosai, akan ji wani amo na biyar yana tashi a sama wanda babu mai rera shi, kuma shi ne mawaƙan suke nema.

Za ku iya, in Allah ya yarda. Ko kun kai ashirin, ku rabu gida huɗu, ku zaɓi gajeriyar waƙa ta Hausa mai tafiya a hankali wadda kowa ya haddace, a fara da jagora da mai kauri kafin a ɗora sauran. Ku kula da harshenmu: hawa da saukar murya da jan wasali suna sauya ma'anar kalma, don haka muryar jagora ta rinjayi sauran, kuma ku yi ittifaƙi kan inda za a ja da inda za a datse. Ku riƙa ɗaukar atisayenku a waya kuna saurare, domin a nan ne mai kaucewa yake gane kansa ba tare da an kunyata shi ba.

Kafin ku fara, ku sanar da mai unguwa da maƙwabta, ku sa lokacin bayan sallar Isha'i, kada ku kai tsakar dare.