Na gaji akwatin faya-fayan soul: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi karatu a Ingila a shekarun 1970, ya dawo da faya-fayai cike da akwati. Yawancinsu ƙanana ne, akwai masu tambarin kamfanonin waƙoƙin soul, wato wani salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka, irin su Tamla Motown, da Stax, da Atlantic, da wasu sunayen da ban taɓa ji ba. Wani ya zo har gida ya ce zai saye su duka a dunƙule. Ta yaya zan gane masu daraja a ciki? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ɗan'uwa, ka ba mai sayen nan haƙuri tukuna. Wanda ya ce a sayar masa a dunƙule, galibi ya hango ɗaya ko biyu ne a ciki, sauran kuma gyara ne. Kada ka sayar, kada ma ka kunna ko ɗaya, sai ka zauna ka karanta su.

Na ce kada ka kunna ne saboda dalili. Idan a gida akwai tsohon garmaho irin wanda ake juya masa hannu kafin ya yi waƙa, mai allurar ƙarfe, wannan an yi shi ne don faya-fayan zamanin da masu nauyi, masu juyi 78 a minti. Naka ƙananan masu juyi 45 ne, manyan kuma 33, kuma allurar ƙarfe za ta huɗe su kamar garma a gona, sau ɗaya ya isa. Wasu ƙananan na Amurka ma ba da ainihin robar faifai aka yi su ba, da wata roba ce mai gautsi da ake kira sitairin. Za ka ji ta sakayau a hannu, takardar tsakiya kuma liƙa ta aka yi a kai. Ina da irinsa guda da na lalata da kaina ina saurayi, da allurar da ta riga ta dakushe. Har yau idan na ɗaga shi a haske ina ganin layukan sun yi fari, muryar mawaƙin kuma tana fita da shashshaka.

Abin da sabon shiga ya fi kuskurewa shi ne ɗaukar cewa shaharar mawaƙi ita ce daraja. Faifan da Motown, babban kamfanin waƙoƙi na birnin Detroit a Amurka, ta buga aka sayar da miliyoyi yana ko'ina, kuɗinsa kaɗan ne. Waɗannan sunayen da ka ce ba ka taɓa ji ba, su za ka fi sa wa ido. A shekarun 1960 ƙananan kamfanoni sun cika Detroit da Chicago da Memphis, wani ya buga 'yan ɗaruruwa, waƙar ba ta karɓu ba, kamfanin ya mutu. Bayan shekaru sai matasan arewacin Ingila suka haukace a kan irin waɗannan waƙoƙi masu saurin kiɗa, suna kwana rawa a wurare irin su Twisted Wheel a Manchester da Wigan Casino, wanda ya yi tashe daga 1973 zuwa 1981. Shi ne abin da ake kira Northern Soul, kuma mahaifinku ya zauna a ƙasar daidai lokacin. Faifan Frank Wilson na 1965, wanda Motown ta fasa fitarwa aka lalata kusan duka, an sayar da kwafi ɗaya a gwanjo a 2009 a kan fam 25,742. Ban kawo wannan don in sa maka rai ba. Wancan zamanin dai shi ne kuma zamanin da jabu ya yi yawa, don 'yan kasuwa sun riƙa kwafar faya-fayan da ake nema suna bugawa a ɓoye.

To yaya ake rarrabewa? Ka ɗauki faifan zuwa bakin taga, ka karkata shi. Tsakanin inda waƙa ta ƙare da takardar tsakiya akwai fili mai santsi, a nan za ka ga lambobi da haruffa, wasu an karce da hannu, wasu an buga da hatimi. Wannan shi ne takardar haihuwar faifan: yana nuna karon bugu, wani lokaci har da masana'antar da ta buga. Takarda ana iya kwaikwayonta, amma waɗannan lambobi su ke tona asirin jabu. Ka rubuta su a littafi tare da lambar da ke kan takardar, ka shiga Discogs, shafin intanet da ke jera bayanan faya-fayai, ka gwada su harafi da harafi. Shafin Popsike kuma yana ajiye farashin da aka taɓa sayar da faya-fayai a gwanjo, wanda ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan farashin da mai talla ya ga dama ya rubuta.

Takardar ma tana magana. Stax ta fara da shuɗiya mai hoton tarin faya-fayai, bayan ta rabu da Atlantic a 1968 ta koma ruwan ɗorawa mai hoton hannu yana ƙyasta yatsu. Tamla Motown kuwa suna ne na bugun Ingila, kamfanin EMI ne ya fara shi a 1965, don haka naka masu wannan suna ba bugun Detroit ba ne, kodayake wasunsu suna da masu nema sosai. Idan ka ga an rubuta cewa na gwaji ne ba na sayarwa ba, ware shi gefe, irin waɗanda ake aika wa gidajen rediyo ne. Kwalin babban faifai na waƙoƙin 1960 da ke ɗauke da zanen layukan farashi irin na kanti, sabon bugu ne, don sai ƙarshen shekarun 1970 aka fara sa su.

Sai lafiyar faifan, wadda ita ke yanke farashi. Masu saye suna da matakai, daga NM wanda kamar ba a taɓa ba, zuwa VG+ mai ɗan alamar amfani, zuwa VG mai karce-karce, zuwa G wanda ya sha jiki. Tsakanin mataki da mataki kuɗi na iya raguwa da rabi. A nan ne yanayinmu ke cutar da mu: zafin ɗakin kwano yana lanƙwasa faifai, ƙurar hunturu kuma tana shiga layukan ta zauna. Ka fitar da su daga akwatin, ka jera su a tsaye kamar littattafai a ɗaki mai sanyi, kada ka ɗora wani kan wani. Wajen wankewa ka nemi tataccen ruwa, ka tabbata ba mai asid ba ne, da ƙyalle mai laushi, kana bin layukan a zagaye ba tare da ka jiƙa takardar ba. Ban da omo, ban da kananzir.

Duk abin da ka tarar a cikin kwalayen, rasiɗin kanti ne ko sunan Baba da kwanan wata da ya rubuta da biro, ka bar shi a inda yake. Idan ka gama rubuta lambobin, aiko min da na waɗannan baƙin sunayen mu fara da su.