Tambaya da Amsa: Ina son shiga ƙungiyar masu hawan dutse, ta ina zan fara?

Tunda hunturu ya kama, wasiƙun da suka fi yawa a wannan fitowar na masu sha'awar hawan dutse ne a Bauchi da Gombe. Mun miƙa su ga masu jagorancin irin wannan tafiya da kuma wani ma'aikacin jinya, ga abin da suka ce.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ganin hotunan samari a Facebook duk Asabar a kan duwatsun da ke kewaye da garin Bauchi. Abin yana burge ni, amma ban taɓa yi ba. Yaya ake shiga, kuma yaya zan gane ƙungiyar kirki? Daga wani ma'aikaci a Yelwa, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shigar ba ta da wuya. Yawanci guruf ne na WhatsApp: ka ba da sunanka da lambar wani naka da za a kira idan wani abu ya faru, sannan ka biya karo-karon kuɗin mota da na ɗan jagora. Aikin yana wajen tantancewa, don hoto mai kyau kowa ma yana iya ɗauka.

Kafin ka biya ko kwabo, tambayi shugabansu waye ke tafiya a baya. Kowace ƙungiya tana da mai jan gaba, amma wadda ta san abin da take yi ita ce mai ajiye gogaggen mutum a ƙarshen layi, wanda ba ya wuce kowa komai nawarsa. Idan aka ce maka "ai duk tare muke tafiya", ka sake tunani. A kan dutse layi yana tsinkewa cikin minti 20: masu ƙarfi su yi gaba, sabon shiga ya tsaya yana haki, kunya ta hana shi kira, ya bi hanyar awaki yana zaton ita ce. Haka mutane ke ɓacewa, ba wai don dutsen yana da girma ba.

Sai ka tambayi ƙarfe nawa ake juyowa. Ana yanke wannan tun a gindin dutse, kuma idan lokacin ya yi sai a juyo, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Akwai lissafin da wani mahayin dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Tafiyar kilomita 6 mai hawan mita 300 ta kama kusan awa ɗaya da minti 45 ke nan ga mai ƙarfi wanda ba ya tsayawa. Da sababbi a cikin ayari, da hutu da ɗaukar hoto, ka sa awa uku. Shi ya sa ake tashi bayan sallar asuba, a sauko kafin rana ta take.

Ka kuma lura ko suna zuwa gaida mai unguwa ko dagacin ƙauyen da ke gindin dutsen. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne. Mutanen gari su suka san kogon da zuma ta yi gida, da wurin al'adar da ba a yarda baƙo ya taka ba, da kuma ko akwai baƙin fuska a dajin kwanan nan. Wanda zai hau Mbula a Dass ko Zaranda a hanyar Jos, ya ɗauki ɗan gari ya biya shi haƙƙinsa. A ƙirga mutane kafin hawa, a ƙirga a sama, a sake ƙirgawa kafin mota ta tashi, kuma motar ta zauna a gindin dutse da direbanta, kada a sallame shi ya tafi kabu-kabu.

Abu ɗaya da za ka guje masa shi ne hawa da igiyar kasuwa: tafiyar ƙafa a kan dutse daban, hawan miƙaƙƙen bangon dutse da igiya daban. Igiyar mahaya tana da ɗan talewa da ke shanye ƙarfin faɗuwa. Igiyar ɗaurin kaya ta kasuwa ba ta da wannan, ko ta tsinke ko ta fizge ƙugun mutum. Duk wanda ya fito da ita daga jaka ya ce a kama, ka ce masa ka gode.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ba ni da kuɗin takalman da nake gani a intanet. Me ya zama dole in saya? Daga wani ɗalibi a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Ɗan'uwa, kambas ɗin gwanjo ya isa, muddin tafinsa roba ce mai zane mai zurfi. Juya shi ka danna da babban yatsa. Idan ya yi tauri kamar leda ko ya suɗe, zai yi santsi a kan fa. Ka ƙara rabin lamba a kan wanda ka saba, saboda a gangara yatsu suna dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi. Yanke farce, sa safa mai kauri, kuma kada ka fara sabon takalmi ranar hawa. Da ka ji diddige ya fara zafi, tsaya ka manna filasta kafin ya zama bororo.

Kuɗinka ya tafi kan ruwa. Ka lissafa rabin lita a kowace awa, wato ledar fiya wata ɗaya, ka ƙara lita ɗaya ta ko-ta-kwana. Tafiyar awa huɗu lita uku ke nan, nauyin kilo uku a jakar goyo. Hunturu yana yaudara: iska a bushe take, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba, sai ciwon kai da ɗaurewar jijiyar sha-raɓa su sanar da kai. Idan fitsari ya koma kalar shayi, ka makara da sha. Riƙe ƙunshin ORS biyu, ko ka haɗa naka: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun fi biskit riƙe ciki. Sauran su ne malafa, usur, tocila da waya mai cikakken caji. Turare kuma a bar shi a gida, zuma tana bin ƙamshi.

Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, wannan ya wuce gajiya, zafin rana ne ya buge shi. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti.

Tambaya: Ɗana yana son bin abokansa hawan Dutsen Kilang a Kaltungo. Ni kuwa abin da na sani game da yankin shi ne maciji. In bar shi? Daga wata uwa a Gombe.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya. Yankin Kaltungo da Billiri gidan kububuwa ne, shi ya sa ma asibitin masu saran maciji yake Kaltungo. Amma yawancin waɗanda take sara manoma da makiyaya ne da ke shiga ciyawa da silifas ko ƙafa ba takalmi, musamman lokacin shuka da girbi. Ki tabbatar ya sa rufaffen takalmi da dogon wando mai kauri, ya riƙe sanda yana bubbuga ciyawa a gabansa, kada ya cusa hannu a tsagar dutse da bai leƙa ba, kada ya ɗaga dutse don neman wurin zama. Su kuma sauko kafin magariba, don da dare ta fi yawo.

Ki zaunar da shi ki gaya masa abin da za su yi idan ƙaddara ta faɗa wa ɗayansu. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba. Ɗaurin yana kashe nama, dafin kuma yana nan. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗora ƙafar a kan sanda a naɗe sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya zama garau na wasu awanni kafin dasashi ya fara zubar da jini. A nan ake yin kuskure, a ce ai ya ji sauƙi, a tsaya wajen mai magani. A asibiti za su ɗebi jini a kwalba su ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, sai allurar kashe dafi. Kada kuma a ɓata lokaci ana farautar macijin.

Tambaya: Mace za ta iya shiga? Kuma gwiwata tana ɗan damuna. Daga wata malamar makaranta a Bauchi.

Amsa: Sosai ma, Malama. Ki nemi ayarin da ke da wasu mata, ki sanar da gida. Dogon wando da riga mai kai wa gwiwa, da hijabi gajere. Dogon yana kama ƙaya kuma yana rufe miki inda za ki taka. Gwiwa kuwa a saukowa take shan wuya. Ki riƙa gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a hannu, ki bi gangara a karkace. Kafin fitar farko ki yi mako uku kina tafiyar minti 30 zuwa 40 sau uku a mako, da hawan bene. Idan gwiwar tana kumbura, likita tukuna.

Tambaya: Na ji ana cewa iska tana ƙaranci a saman dutse. Hakan zai same mu a nan? Daga wani mai karatu a Dass.

Amsa: A'a. Ciwon tsauni, wato rashin lafiyar da ƙarancin iska a sama ke jawowa, yakan fara ne daga wajen mita 2,500, kuma Chappal Waddi na jihar Taraba, mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Hakin da kake yi rashin sabo ne. Sai ranar da ka nufi Kilimanjaro a Tanzaniya, mai mita 5,895, za ka damu da wannan. Abin da za ka kiyaye a nan shi ne damina: gansakuka tana sa fa santsi kamar sabulu, kuma da ka ji rugugin tsawa, ka bar ƙololuwa da gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ka gangara.