Amsar kaka kan fofla da tsamiyar bayan gari

Amaryata, saƙonki ya iso, har da hoton dogayen itatuwan nan da kika ce sun jeru a bakin gonaki a Turkiyya, waɗanda mutanen can ke kira kavak, Turawa kuma fofla. Kin ce wata ƙawarki ta gaya miki itace ne mai tsarki a Littafi Mai Tsarki, shi ne kike tambaya ko haka yake, kuma ko daidai yake da tsamiyar bayan garinmu da kakannina ke yi wa yanka.

Ƙawar taki ta ɗan ƙara gishiri. Sunansa na Ibrananci, libne, sau biyu kacal ya fito. Na farko a Farawa 30:37. Yakubu yana kiwon garken kawunsa Laban, wanda kuma surukinsa ne, a Haran. Haran ɗin nan tana cikin ƙasar da kike zaune, kudu da birnin Urfa, saboda haka kin fi ni kusa da labarin. Sun yi yarjejeniya cewa dabbobi masu dabbare-dabbare su ne ladan Yakubu. Sai ya yanko ɗanyun tsumagu na libne da almon da wani itace na uku, ya fere ɓawon a tsaitsaye har farin ciki ya bayyana, ya jera su a kwamin da awaki ke shan ruwa lokacin barbara. Aka yi ta haifo masu zane da masu roɗi-roɗi. Muna yara mun ɗauka asiri ne, har na taɓa gwadawa da tsumagiyar geza a kan akuyar innata. Baƙi wuluk ta haifa. Ki karanta sura ta 31, can Yakubu da bakinsa ya ce Laban ya sauya masa lada sau goma, Allah ne kuma ya ƙwace garken ya ba shi. Akwai ma wasa da kalma a ciki: libne daga kalmar "fari" ya fito, sunan Laban ma ma'anarsa ke nan. Lubban da kakarki ke turara ɗaki da shi, asalin sunansa ɗaya da su. Wasu masana ma sun ce a nan wani ƙaramin itace mai ƙaro ake nufi, shi ne tsohuwar fassarar Girkanci ta sa.

Na biyu shi ne ya taɓa tambayarki. Annabi Yusha'u, a 4:13, yana tsawata wa Isra'ilawa don suna yanka a kan tuddai, suna ƙona turare a gindin manyan itatuwa, har da libne, ya kuma faɗi dalili, wai inuwarsu tana da daɗi. Duk sanda na karanta wannan sai tsamiyarmu ta faɗo mini a rai. Na ga jinin baƙar akuya ya bushe a saiwarta da idona, ga tsumma ja ɗaure a reshe, ga ƙoƙon fura an aje wa masu wurin. Amma annabin bai la'anci itacen ba, masu yankan ya kama da laifi.

Sai Zabura 137, inda kamammun da aka kwashe zuwa Babila, a zamanin da aka rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, suka rataye garayunsu a itatuwan bakin kogi, suka ƙi yi wa masu bautar da su waƙa. Ba libne aka kira su a nan ba, amma masana da dama sun ce foflar Kogin Yufiretis ce. Ita wannan tana ƙarama ganyenta siriri ne dogo, ta girma sai ya yi faɗi, shi ya sa ake rikita ta da itacen rafi da Larabawa ke kira safsaf.

Rikicin ya shiga har ibadar Yahudawa. A Idin Bukkoki, bisa Littafin Firistoci 23:40, suna riƙe reshen dabino da wani babban lemo da ganye mai ƙanshi da rassan itacen rafi, suna kaɗawa. Malamansu na Talmud, wato littafin fiƙihunsu, suka zauna suka tantance wane itacen rafi ake nufi: mai jan kara da dogon ganye mai santsin baki shi ne halal, mai farin kara da zagayayyen ganye mai haƙora kamar lauje bai karɓu ba.

In kin koma wajen itatuwan, ki tsinko ganye ɗaya ki juya bayansa. In fari ne fat mai laushi kamar auduga, to farar fofla ce. Ki matse shi a cikin littafi ki taho mini da shi a hutun Kirsimeti, tare da tsarabar da kika yi mini alkawari tun bara.