Hukuncin gaskata labarin tsibirin Atlantis da jingina shi ga Alƙur'ani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina yawan ganin bidiyo a kan wani tsibiri wai shi Atlantis, da aka ce teku ta haɗiye shi da mutanensa. Wasu na cewa mutanen Annabi Nuhu ne, wasu kuma su ce shi ne Iramu da ke cikin Suratul Fajri. Ya halatta in gaskata, in kuma tura wa 'yan'uwa?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kowane labari ana fara tambayar daga bakin wa ya fito. Wannan dai tushensa mutum ɗaya ne, Aflaɗon, masanin falsafar Girka, a littattafansa biyu, Timaeus da Critias, wajen shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce Solon, wani mai tsara dokoki na birnin Athens, shi ne ya jiyo labarin daga limaman gumaka na garin Sais a Masar, cewa shekara 9,000 kafin lokacinsu akwai tsibiri bayan mashigar Jabal Ɗariƙ, wanda girgizar ƙasa da ambaliya suka nutsar a yini ɗaya da dare ɗaya. Ba a samu wani rubutu da ya riga shi ambaton tsibirin ba, ko a Masar ɗin. A ma'aunin malaman hadisi, isnadi, wato jerin masu ruwaito labari, da ke da giɓin shekara dubu tara ba ya ɗaukar komai. Bai ma kai matsayin Isra'iliyyat ba, wato labaran da aka karɓo daga Yahudu da Nasara, domin izinin "ku ba da labari daga Bani Isra'ila, babu laifi" ya shafi mutanen da aka saukar wa littafi ne.

Saboda haka hukuncin ya rabu. Karanta shi ko nazarinsa a matsayin tatsuniyar Girkawa ya halatta, muddin ka san cewa abin da ke ciki na gunkin teku Poseidon, wai ya raba tsibirin ga 'ya'yansa goma, shirka ce tsantsa. Nutsewar gari kuwa ba abin musu ba ne. Garin Helike na Girka ya nutse a shekara ta 373 kafin miladiyya, Aflaɗon na raye, an kuma gano kangon Heracleion a ƙarƙashin ruwa kusa da Iskandariyya a shekarar 2000. Allah ma ya ce akwai al'ummomin da "babu wanda ya san su sai Allah" (Ibrahim, 9).

Inda haramci yake shi ne fassara aya da shi. Iramu an ambace ta tare da Adawa, su kuwa da iska aka halaka su, dare bakwai da yini takwas (Alhaƙƙa, 6-7), ba da ruwa ba. Ibn Khaldun ma ya yi watsi da ƙissoshin birnin zinariya da ake cusawa a tafsirin ayar Iramu, balle na Girkawa. Mutanen Annabi Nuhu kuwa ɗufana ce ta ci su, ruwa ya janye, jirgi ya tsaya a kan Judi, babu maganar tsibirin da ya ɓace. Mai cewa "Alƙur'ani ya tabbatar da Atlantis" ya faɗa wa Allah abin da ba shi da ilimi a kai (Isra'i, 36).

Ka lura da yadda masu da'awar suke yawo da wurin. Wasu sun ce tsibirin Santorini na Girka ne, wasu Richat a Muritaniya, har Bajamushe Leo Frobenius ya zo Ile-Ife a 1910 ya ce can ne, don ya kasa yarda cewa Yarabawa ne suka ƙera kan tagulla da kawunan yumɓun da ya gani. Mafi haɗari su ne bidiyoyin da ke kafa hujja da Edgar Cayce, Ba'amurken da ya yi da'awar ganin gaibu cikin barci. Wannan bokanci ne, gaskata shi haramun ne.

Kada ka tura bidiyon da ya haɗa labarin da aya ko hadisi, ko wanda ya jingina shi ga boka, domin ya zo a Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji. In ka riga ka tura, ka goge, ka sanar da waɗanda ka tura wa. Wallahu a'alam.