Shanu Nawa Ake Buƙata Kafin a Gina Rumbun Gas?

Tambaya: Malam, muna da shanu 4 da awaki, kuma itacen girki ya yi tsada a ƙauyenmu. Na ji ana samun iskar gas daga kashin dabbobi. Shin za ta ishi gidanmu girki?
Daga wani manomi a jihar Jigawa

Amsa: Malam, za ta iya, amma kafin ka kira magini ya gina maka rumbun da kashin zai ruɓe a ciki ya ba da gas, ka fara duba inda shanunka suke kwana. Kilo 25 na ɗanyen kashin shanu yakan ba da kimanin lita 1,000 ta gas, wadda za ta riƙe murhu mai kai ɗaya awa biyu zuwa uku. Idan shanun suna turke, za ka tara fiye da haka kullum; idan kuwa suna yini a daji, mafi yawan kashin a can yake zuba, kuma wanda ya bushe a rana ba ya ba da gas na kirki.

Ruwa shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Kowane bokitin kashi yana buƙatar bokitin ruwa a dama su tare, kullum, rani da damina. Gidan da mata da yara suke tafiya mai nisa kafin su cika jarka, rumbun zai ƙara musu wahala ne, sai a yi watsi da shi. Saboda haka a auna girman rumbun da kashi da ruwan da ake da su a tsakiyar rani.

A ganina, rumbun bulo mai kubba da ake binnewa a ƙasa, irin Deenbandhu da aka ƙirƙiro a Indiya a 1984, ya fi dacewa da mu fiye da mai gangar ƙarfe, domin ba ya tsatsa, kuma ƙasa tana riƙe masa ɗumi lokacin hunturu, sa'ad da gas kan ragu. Sai dai dole maginin ya ƙware, domin tsaga ƙarama a kubbar tana zubar da gas ɗin.

Kashinka ba ya ɓata: bayan ya ruɓe na kwana 30 zuwa 50, zai fito a matsayin taki mai kyau ga gona. Don samun shawara kan gini, ka tuntuɓi Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.