Amsa: Wane sanwici zan ci a gidan burodin 'yan Italiya?

Ɗan'uwa, ka ce akwai gidan burodin 'yan Italiya a unguwar da ka sauka, kana ganin layi kullum da rana, amma kana tsoron alade. Tsoronka na kan hanya. Yawancin naman da suke yankawa siriri-siriri a bayan gilashin nan alade ne: prosciutto, mortadella, salame, pancetta, coppa, duk ka bar su. Bresaola ce ta saniya, busasshiya, daga yankin Valtellina a arewacin Italiya, ja wur kamar kilishin da ba a sa wa ƙuli ba. Sai dai batun yanka yana nan, wannan kai da malaminka.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne burodin kansa. Ka tambaye su ko da strutto a ciki, wato kitsen alade. Piadina, wata siririyar gurasa ta yankin Romagna a Italiya, a al'adance da shi ake kwaɓa ta. Focaccia galibi man zaitun ce, amma wasu na zuba kitsen, don haka tambaya ba ta ɓaci.

Ni dai caprese nake saya: cukuwin mozzarella, tumatir, ganyen basilico mai ƙamshi irin na ɗoɗɗoya, da man zaitun. Ko na kifin tuna, su suna ce masa tonno. Ka ce "senza maiale", ba alade ke nan. Kuma ka kalli injin yankan, don wani lokaci da shi ɗin aka gama yanka mortadella za a yanko maka cukuwi. Ni nakan roƙa a ɗauko wuƙa mai tsabta, ba su taɓa ɓata rai ba.